Zanen Gawayi a Katangar Gareji

Ina tankaɗen garin tuwo a tsakar gida na ji motar maigidana ta shawo kwanar layinmu. Hannuna ya tsaya a kan rariya. Motar ce, don duk Daura babu mai irin kukanta, amma ba shi ne yake tuƙi ba. Shi idan ya iso kwanar nan yakan sassauta, ya bar ta ta gangaro da kanta, ya ɗan taɓa hon don in san ya dawo. Wanda ke tuƙi ranar ya sa giya da ƙarfi har ta yi ƙara, ya taka burki a ƙofar gida, ya kashe inji. Ban ji hon ba.

Ƙanin mijina ne, bakanike. Tun da aka kawo ni gidan bai taɓa shigowa bai tsokane ni ba. Ko ya ce miyata ta yi gishiri tun bai ɗanɗana ba, ko ya ce shi ne mijin gaskiya, Yaya riƙo yake yi masa. Ranar ya tsaya a zaure ya yi sallama kamar baƙo, ya jira sai da na amsa. Da ya shigo na ga makullin motar a hannunsa, na ga baƙin gawayi a gaban rigarsa.

Ya ce, "Matar Yaya, sai haƙuri."

Na ce, "A ina?"

"A gindin katangar gareji. Yaya ya ce kansa na juyawa, bari ya ɗan zauna. Mun ɗauka hutawa yake yi."

Na yi salati. Na rufe garin da faifai don kada kaji su shiga, ban san abin da ya sa na tsaya yin haka ba. Daga baya na gane gawayin da ke rigar ƙaninsa daga hannun maigidana ya fito, lokacin da suka ɗaga shi. Kafin magariba an kai shi makwancinsa. Farkon zafi ne.

Maigidana mai zane ne. Da na san shi, shi ke yi wa manyan motocin katako ado a baya: zaki, ɗan dambe da hannu a naɗe, jirgin sama a kan dabino. Allunan masu aski da yawa a garin hannunsa ne. Amma abin da ya fi so a duniya, bayan iyalinsa, tsofaffin motoci ne. Yana zaune a zaure zai ji mota ta wuce a titi, ya faɗa maka irinta da abin da ke damun injinta. Tasa ita ce wadda ake kira kunkuru, mai inji a baya, shuɗiya mai haske. Sitiyarinta a dama yake, don ta shigo ƙasar nan tun kafin a canza hannun tuƙi. Ta girme ni. Idan wani abu ya lalace a jikinta, sai ya bi ta Kongolam ya tsallaka Nijar, ya ce can ne tsofaffin motoci ba sa mutuwa, ya yi ta yawo a garejinsu har ya samo irinsa. Ƙofar gefena ba ta buɗewa daga ciki. Duk inda muka je sai ya fita ya zagayo ya buɗe mini, abokansa suna yi masa dariya wai ya zama Bature. Ƙaninsa ya sha cewa zai gyara ta, shi kuma ya ce a bar masa ƙofarsa.

Ni 'yar garin Babban Mutum ce. A bayan babbar mota aka kawo ni Daura tare da kayan ɗakina, ban taɓa shiga ƙaramar mota ba sai ranar da zai kai ni ganin gida. Ya wanke ta, ya shimfiɗa wata 'yar darduma a inda zan sa ƙafa. Da ya buɗe mini ƙofa na ga shimfiɗa, sai na yi abin da aka koya mini a gida: na cire takalmina a bakin ƙofa na shiga. Shi bai lura ba, ya rufe ya zagaya. Sai da muka tsaya a ƙofar gidanmu, ya buɗe mini, na zuro ƙafa ina laluben takalmi a ƙasar Babban Mutum. Ya yi dariya har ya jingina da motar. Haka na shiga gidan mahaifina ba takalmi, mahaifiyata ta ja ni ɗaki tana tambayata a hankali ko mijin nawa ba shi da halin saya mini. Da muka dawo mun tarar maƙwabciyarmu ta ɗora takalman a kan dakali. Tun daga ranar har muka aurar da 'ya'yanmu, bai taɓa buɗe mini ƙofar nan ba sai ya ce, "Amarya, a shigo da takalmi."

Da aka fara shari'a a jiharmu, wa'azi ya yi yawa a kan zanen abu mai rai. Ba wanda ya zo ya hana shi. Shi ne ya dawo daga masallaci wata rana ya zauna, ya bar abincinsa ya huce. Ya ce ya ji an ce ranar gobe za a ce wa mai zane ya hura rai a abin da ya zana, shi kuma ya tuna yawan zakuna da 'yan damben da ya saki a kan hanya. Ya je ya tambayi malaminsa, ya dawo ya ce ya daina. Inda masu allo suka yarda, da hannunsa ya bi ya shafe kawunan da ya zana, ya mayar da su almakashi da mataji. Aiki ya ragu. Ya yi ta zama a gida, yana wanke buroshin da ba su yi datti ba.

Garejin da ƙaninsa ke aiki yana kan hanyar Kongolam, yana da doguwar katanga mai shafen siminti da ke kallon titi. Mai garejin tsohon direba ne, abokin mahaifinsu. Shi ya ce masa, "Ga bango nan yana zaman banza, kai ma kana zaman banza." Maigidana ya fara da babbar motar katakon da mahaifinsa ya tuƙa har ya rasu. Ya zana ta da girmanta, har da lotsewar da ke gefen fitila. Kujerar direba ya bar ta ba kowa. Sai ya ɗora hular mahaifinsa a gaban sitiyari.

Ya ce wa ƙaninsa, "Mota dai ba ta da rai, ba za a tambaye ni ba."

Ƙanin ya ce, "Taka kam shaida ce, kullum sai mun tura gawarta."

Mutane suka fara zuwa. Wannan ya ce a zana masa akori-kurar babansa da ke kai gero kasuwar Mai'adua, wancan ya ce motar wansa da ta ƙone a hanyar Kano. Ba hotuna suke kawowa ba, baki suke kawowa, shi kuma ya san motocin tun yana yaro. Ƙa'idarsa ita ce ba ya zana mota sai wadda mai ita ya rasu. Kuma kowace sai ya tambayi iyalin abin da aka san mutumin da shi, ya ajiye masa a ciki. Wani carbi a madubi, wani buta a kan kujera, wani ƙullin goro, wani rediyo mai karyayyar eriya. A 'yan shekaru katangar ta cika da motocin garinmu da suka shuɗe, a jere kamar a tasha, dukkansu suna fuskantar gabas, babu mutum ko ɗaya a ciki.

Ni daga tagar mota nake ganinta idan za mu wuce. Ban taɓa son kallonta da yamma ba. Idan rana ta yi sanyi, sai ka ga kamar yanzun nan direbobin suka fita alwala, za su dawo. Wata tsohuwa, in ji shi, takan tsaya a gaban motar mijinta idan za ta kasuwa, ta ce, "Sannu da hanya," ta wuce. Wani malami ya taɓa zuwa ya bi katangar daga farko har ƙarshe, bai sami ko tsuntsu ba. Ya ce babu laifi, sai dai kada mutane su mayar da wurin maƙabarta.

Na taɓa ce masa, "Ni fa, ba za a sa ni a katangar nan ba?"

Ya ce, "Ke mai rai ce, Amarya. Na daina irinku."

"To ka zana ni ba kai."

"Allah ya kiyaye. Ki bari, zan san yadda zan yi da ke."

Na ɗauka wasa ne, na manta.

Gwaggona ta zo daga Babban Mutum ta zauna da ni don takaba. Na ajiye kwalli da turare, na zauna a ɗaki. Motar tana ƙofar gida. Kowace safiya ƙaninsa yakan zo ya tayar da ita don kada batir ya mutu. Duk ranar da injin ya kama, sai in ga na miƙe tsaye na nufi randa zan ɗebo masa ruwa, sannan in tuna. Na roƙe shi ya riƙa tura ta ƙarshen layi kafin ya tayar. Ya yi haka na 'yan kwanaki, shirun ya fi damuna, na ce ya dawo da ita inda take.

Bayan sadakar arba'in ne ƙaninsa ya zauna a bakin ƙofar ɗakina, Gwaggo tana tsakaninmu tana ɓarar gyaɗa, ya ce akwai abin da bai faɗa mini ba. Abin da Yaya ke zanawa ranar da ya rasu, motarsa ce.

Na ce, "Ai ba ya zana motar mai rai."

"Haka na ce masa. Na ce, Yaya, kai da ita duk kuna nan. Ya ce katanga ta kusa ƙarewa, gara ya kama wa kansa wuri."

Gwaggo ta daina ɓarar gyaɗar.

Ya ce jikin motar duk an gama shi da fenti, shuɗinta sak. Ƙofar gefena ce kawai ya zana a buɗe, kuma ita da gawayi take, bai kai ga shafa mata fenti ba. Haka yake aiki, sai ya fitar da abu da gawayi ya tsaya ya dube shi, sannan ya ɗauki buroshi.

"Akwai kuma wani abu a ƙasa, a gindin ƙofar. Ina jin dutsen nan ne da muke tare taya da shi."

Na ce, "Dutsen taya a gindin ƙofa?"

"To, ni dai bakanike ne."

Ni dai na san abin da nake zato. Na kuma san gawayi. Ruwan sama ɗaya ya ishe shi, ga damina tana tafe, takabata kuma ba za ta ƙare ba sai damina ta shiga.

Na ce wa Gwaggo ina so in je in gani, ko daga cikin mota ne, in dawo. Ta ce mai takaba ba ta fita sai da lalura. Na tura ƙaninsa wurin malamin marigayin. Malam ya aiko da gaisuwa mai kyau, ya ce asibiti lalura ne, neman abinci ga wadda ba ta da mai kawo mata lalura ne, amma ganin zane ba ya ciki, in yi haƙuri. Ban yi musu ba. Zaman nan haƙƙin maigidana ne a kaina, shi da ya bar sana'ar hannunsa don tsoron Allah ba zai so in karya nawa don katanga ba.

Ƙaninsa ya kai mai hoto. Da aka wanko hoton ya kawo mini da murna. Motar ta fito kamar ka buɗe ka shiga, amma inda ƙofar take sai farin siminti kawai. Gawayin bai fito ba. Na daɗe ina juya hoton a hasken taga.

Ya ce, "Bari in bi layin da fenti. Akwai sauran shuɗin a gwangwani, zan bi a hankali."

Na ce, "Hannunka na sifana ne. Kai da ka ga dutse, dutse za ka zana."

Ya yi murmushi kaɗan, ya sunkuyar da kai. Na ce kada kowa ya taɓa. Sai ya samo fallen kwano ya jingina a kan wurin, ya buga ƙusa ta sama, ya tokare ƙasan da tsohuwar taya, ya bar rata don kada kwanon ya goge zanen. Sauran fentin ya kawo mini na ajiye a ƙarƙashin gado.

Shekarar ruwa ya yi jinkiri. Hadari yakan haɗu a gabas ya yi baƙi, iska ta taso, sai ya watse. Gwaggo tana fita tsakar gida tana kallon sama tana maganar gonakin Babban Mutum, an yi sharar gona, iri na nan a ajiye, dabbobi sun rame. Ni 'yar manomi ce, na san abin da jinkirin ruwa yake yi wa gida. Ranar da aka fita roƙon ruwa, muna jin addu'ar liman daga lasifika, Gwaggo ta ɗaga hannu, ni ma na ɗaga. Na ce amin tare da ita. Amma duk lokacin da hadari ya watse, sai in ji numfashina ya sauka, kuma ban iya kallon fuskar Gwaggo a lokacin.

Ruwan ya zo wata rana bayan la'asar, da iska mai ƙarfi a gabansa. Yara suka fita layi suna ihu, Gwaggo tana tara robobi a bakin indararo tana hamdala. Na zauna a bakin gado ina jin yadda yake dukan rufi. Na yi ƙoƙarin tuna ta wane gefe katangar ke kallo, da ta inda iskar ke bugowa.

Da ya ɗauke, ƙaninsa ya shigo jiƙe sharkaf. Ya ce iska ta fizge ƙasan kwanon ta ture tayar, sai da ya je ya danne shi da bayansa har ruwan ya tsaya.

"Saman yana nan, na leƙa. Ƙasan ne ban sani ba. Ruwa ya yi ta fantsamo laka."

Na ce, "Kada ka sake leƙawa. Kada ka faɗa mini."

Ya ƙara ƙusoshi, ya tara bulo a gindin. An yi ruwa da yawa bayan wannan. Gero ya tsiro, aka aiko wa Gwaggo cewa shuka ta kama. Na yi murna da gaske, kuma duk ruwan da aka yi na ji shi a jikina.

Da na fita takaba, washegari da hantsi ƙaninsa ya zo da makulli. Gwaggo ta ce ita ba za ta shiga wannan abin ba, ta tsaya a zaure. Ya zagayo ya buɗe mini ƙofar gefena, ya riƙe ta. Duk gidan an san maganar, shi ma ya sha yi mini dariya da ita. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Matar Yaya, a shigo da takalmi."

Na shiga da su. Motar ta ƙi tashi, sai da maƙwabta suka tura mu har kwana.

Ban taɓa tsayawa a gaban katangar da ƙafata ba sai ranar. Na bi ta daga farko. Motar surukina da hularsa, akori-kura da butarta, mai carbi, mai rediyo. Ruwa ya wanke su sun yi haske. Mai garejin ya taso daga bencinsa ya yi mini gaisuwa, ya koma gefe. A ƙarshen katangar ga tamu, shuɗiya, sitiyari a dama. A kujerarsa bai ajiye komai ba.

Ƙaninsa ya zare ƙusoshin, ya kawar da bulon, ya ɗauke kwanon a hankali.

Ƙofar tana nan. Layin ya dusashe, amma ana ganinta a buɗe, har da mariƙinta na waje. Daga ƙasa laka ta fantsamo ta bushe a jikin simintin, ta kai kamar tsawon tafin hannu. Na durƙusa. A saman lakar, dab da bakin ƙofar, takalmi ne. Silifas na mata, bakinsa yana kallon motar, kamar yadda mutum ke barinsa idan zai shiga ɗaki. Dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya, yadda nawa suke cinyewa. Ban san yana lura da wannan ba.

Ƙaninsa ya durƙusa kusa da ni. Ya ce, "Ashe ba dutse ba ne."

Ƙafa ɗaya ce. Inda ɗayar za ta kasance, laka ce ta rufe. Na tambaye shi, kafin ruwa, abu ɗaya ya gani ko biyu. Ya daɗe yana tunani, ya ce wallahi ba zai iya cewa ba, shi ƙofar yake kallo. Ya ce ko ya kankare lakar da wuƙa a hankali. Na ce idan ta taso, da gawayin za ta taso.

Mai garejin ya matso ya ce akwai wani mai zane a Katsina da hannunsa ke da kyau, idan na yarda a kira shi ya ƙarasa, shi zai ɗauki nauyi. Na yi masa godiya. Na ce a mayar da kwanon tukuna, zan yi tunani.

Shekaru sun wuce ina wannan tunanin. Motar tana wurin ƙaninsa, yana tayar da ita ranar Juma'a. Kwanon ya yi tsatsa an canza wani. Nakan je bayan kowace damina a ɗaga mini, kowane zuwa layin ya ƙara dusashewa. Gwangwanin shuɗin yana ƙarƙashin gadona, ban buɗe shi ba, ina jin ya daskare. Ban san ko ɗaya takalmin yana ƙarƙashin lakar ba, ko kuwa bai kai ga zana shi ba ya zauna. Ƙofar dai har yau ba a shafa mata fenti ba.